Ƙyauren Nomau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya ƙidaya wa kowane matafiyi takunsa tun bai iya tsayuwa ba. Ku matso, ya ku waɗanda zafin rana ya tara a inuwar wannan zango. Kun tambaye ni daga ina nake, kun kuma tambaye ni abin da ya tsufar da ni haka alhali haƙorana suna nan reras. Zan gaya muku. Amma wanda ya zo neman abin dariya, gara ya tashi tun yanzu, don ba ni da shi.

Sunana Anaruwa, masassaƙi ɗan masassaƙi. An haife ni a Birnin Zarmuna, can bayan Tekun Toka. A garinmu babu gida ko ɗaya mai ƙyaure. Kakan Sarki Zankaro ne ya sa aka ɓaɓɓalle su duka aka jibge a bayan fada, don kada talaka ya sami inda zai ɓuya ya ƙulla masa sharri. An hana asabari, an hana labule. Har sallama a bakin ƙofa an hana, wai gargaɗi ce ga masu ƙus-ƙus a ciki. In za ka shiga wurin mutum, sai dai ka faɗa kawai kamar akuya. Shekara ɗari da goma muka yi a haka, daga kaka zuwa jika, har muka manta akwai wata rayuwa ban da wannan.

Yayana Nomau shi ya koya mini riƙon gizago bayan rasuwar mahaifinmu. Ran nan aka aiko daga fada ya sassaƙa turu ashirin na ɗaure ƙafafun mutane. Ya ce shi turmi da akushi ya gada. Ba su kashe shi ba. Keji suka sa shi a tsakiyar filin fada, dogarai suna karɓa-karɓa wajen kallonsa. Yana ci ana kallo, yana kewayawa ana kallo, shekara bakwai cur.

Sarki Zankaro bai faɗi da takobi ba. Wata mai tuwon sayarwa ce ta kayar da shi, Inna Tabawa, gajeriya mai ƙaton murya. Ta bi gida-gida, abin da ba wuya tunda ba ƙyaure, ta sa mata suka daina kai hatsin fada. Abin da aka girbe sai a dafa a rarraba, tukunya ta shiga nan ta fita can, wanda aka ƙwace wa rumbu ya ci a wurin maƙwabci. Wata biyar fada ba ta ga ƙwayar gero ba. Dogarai suka fara sulalewa gidajen iyayensu mata cin tuwo, har wata safiya sarki ya yi kira ba wanda ya amsa. Ya fita ta ƙofar yamma a kan alfadari, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Muka taru a gindin babbar tsamiyar kasuwa muka rantse ba za mu sake naɗa kowa ba har abada. Duk abin da ya taso, Taron Tsamiya ne zai yanke.

A goye na fito da yayana daga keji. Muryarsa ta dushe, sai ka kai kunne kake jin abin da yake faɗi. Na kai shi ɗakinsa a ƙarshen Unguwar Majema, inda warin fata ya fi ƙarfin kowane wari, ni kuma na ci gaba da kwana a rumfar sassaƙarmu ta kasuwa. Mutane suka yi ta tururuwa ganin gwarzonsu, da kunu da fura da addu'a, wannan ya fita wancan ya shigo. Da ƙauna suke zuwa, ba na ja. Shi kuwa sai ya juya fuska bango yana karkarwa.

Bayan wata bakwai ya ce in raka shi bayan fada. Muka yini muna tonon tulin ƙyaurayen nan har ya sami wani na maɗaci mai tambarin gidanmu, ƙafar zabo, irin wanda muke sa wa a gindin turmi. Muka ciccibo shi zuwa ɗakinsa.

Na ce, "Yaya, mutane za su ce ka guje su."

Ya ce, "Anaruwa, shekara bakwai ban yi kuka ba, don kada dogari ya gani ya ji daɗi. Yanzu ina so in yi, kuma ba na so Inna Tabawa ta gani ta ji tausayi. Riƙe mini nan."

Na riƙe, ya kafa.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Washegari Taron Tsamiya ya cika har kan rassa. Inna Tabawa ta miƙe ta ce, "'Ya'yana, ba ƙarfi ya kori Zankaro ba, ganin juna ne. Wanda ya wayi gari ba abin karyawa, kafin hantsi unguwa ta sani. Yau Nomau ya rufe don baƙin ciki, na yarda. Gobe wani zai rufe don ya ci nama shi kaɗai. Jibi wani ya rufe ya doki matarsa. Daga nan kowa ya koma shi ɗaya, kuma mutum ɗaya kowane sarki yana iya haɗiye shi."

Sai Malam Cindo ya tashi, mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwa, wanda fada ta yanke wa yatsu biyu saboda wata takarda. Ya ce, "Inna, da girmanki. Sarki ɗaya muka kora mai dogarai ɗari uku. In yanzu kowa dogarin kowa ne, me muka kora ke nan? Bawan Allahn nan bai ɗauki kayan kowa ba. Ƙyauren kakansa ne, ɗakinsa ne, hawayensa ne."

Kwana tara ana abu ɗaya. Gari ya dare biyu, 'yan Tukunya da 'yan Ƙyaure. Mutanen da suka ɓoye juna daga dogarai suka daina ko gaisawa. Da aka juyo kaina, Allah ya sani, ra'ayina yana wajen Inna Tabawa, jinina yana wajen Nomau, sai na yi abin da matsorata ke yi, na kawo shawarar tafiya. Na ce fatake suna ba da labarin ƙasashen da ba su da sarki. A bar ni in je in gano yadda suke zama da juna.

Taro ya amince, aka ba ni zuwa kaka mai zuwa. In na dawo da hanyar da kowa zai karɓa, shi ke nan. In ban dawo da ita ba, a ƙone ƙyauren, a fitar da Nomau daga gari. Kafin nan kuwa, 'yan Tukunya suka rantse ba za su ambaci sunansa ba, ba za su tsaya a ƙofarsa ba, tunda shi ya rufe su a waje. 'Yan Ƙyaure suka rantse kowace safiya za su ajiye masa abinci da ruwa a bakin ƙofa su juya ba waiwaye, kada wani ya dame shi. Kowane ɓangare ya tashi yana ganin ya yi abin kirki.

Da na je sallama da shi, ya buɗe rabi ya miƙo mini tsohuwar jakar fatarsa. Ya ce, "Kada ka daɗe. Ina son shirun, amma ban san ko zan so shi shekara guda ba."

Na nufi gabas. Na haye Kogin Waiwaye, wanda ke gudu gabas da safe ya komo yamma da la'asar, ba a ƙetare shi sai da rana tsaka in ya tsaya yana shawara. Na ratsa kurmin da tsuntsayensa ke maimaita maganar matafiyan da suka mutu a ciki, na toshe kunnuwana da auduga na wuce. Bayan wata uku na isa Tafkin Goruna.

A wannan tafki goruna ke tsirowa a kan ruwa, kowanne ya kai girman ɗaki. Kowane mutum da goransa, miji da nasa, mata da nata. Kakanninsu sun gudo ne daga wani sarki da ke yi wa talakawansa lalas da jan ƙarfe a goshi, saboda haka dokarsu ɗaya ce tak. Ba a taɓa mutum, ba a taɓa goransa, sai ya roƙa da bakinsa, roƙo cikakke. Na ga mace tana waƙar da ta ga dama da tsakar rana ba wanda ya ce mata kanzil. Na ga wani ya shekara goma yana zanen kifi a jikin goransa, ba mai ce masa malalaci. Suka nuna mini wani gora da ba mai shi, suka ce in na so. Na shiga na ja murfi. A ranar na fara yin barcin da ba ido a kaina tun da uwata ta haife ni. Da na farka na tuna abin da na faɗa wa yayana ranar kafa ƙyaure, kunya ta kama ni.

A kwana na ashirin, da hantsi, goran wani tsoho mai suna Baba Jatau ya tsage. Tsohon mai i'ina ne. Ruwa ya kai masa wuya yana cewa, "Ku... ku... ku tai..." Goruna sun kewaye shi, kowa ya miƙa kunne yana jira ya ƙarasa. 'Yarsa Laraba tana dab da shi, sandar tuƙi a hannunta, hawaye yana zuba, tana motsa leɓe tare da shi. Ni ban yi wani tunani ba. Na cafko wuyan rigarsa na jefa shi cikin gorana kamar buhun dawa.

Ai kuwa sai tafki ya ɗauki guna-guni. Aka kewaye ni. Wani dogo mai furfura ya tambayi tsohon ko ya ƙarasa roƙonsa. Tsohon, da yake ba maƙaryaci ba ne, ya girgiza kai yana kuka. Dogon ya ce mini, "Baƙo, ka sa hannu a jikin ɗan tafki ba da izninsa ba. Hukuncin wannan a ɗaure mutum a jefa shi a Makurɗa, inda ruwa ke juyawa."

Ni kuwa bakina bai mutu ba. Na ce, "Na ji. To wa zai ɗaure ni? Ni dai ban roƙa ba."

Suka yi cirko-cirko. Wasu suka ce mai laifi ya zubar da haƙƙinsa. Wasu suka ce in aka taɓa mutum ɗaya ba izni yau, da haka ƙarfen sarki ya fara. Gardama ta kaure, kowa daga bakin goransa, ni kuwa na sauke tsohon a kan wani tudun ciyawa na yi ta tuƙi zuwa gaci. Laraba kaɗai ta biyo ni daga nesa. Ta jefo mini ƙunshin busasshen kifi a kan yashi, ta ce, "Baƙo, na gode. Amma kada ka dawo. Haka uwata ta tafi ina kallo, kuma duk da haka na zaɓi nan a kan ƙarfen sarki." Ta juya goranta. Na daɗe a tsaye ban iya ɗaukar kifin ba.

Daga nan na yi arewa, wata biyu, har Dutsen Sambala. A kan wannan dutse iska take da ƙarfin da in ta sami mutum shi kaɗai sai ta sure shi ta yi sama da shi, ba a ƙara ganinsa. Mutanen wurin su ɗari bakwai ne, dukansu a ɗaure a igiya ɗaya ta rama mai kaurin damtse. Ranar suna ake ɗaura ta a ƙugun jariri, ranar mutuwa ake kwancewa. Kakanninsu bayin wani sarki ne masu fasa dutse, suka gudo a ɗaure da juna, da suka tsira sai suka ƙi kwance igiyar. Tun daga gindin dutsen suka hango ni, suka sauko kamar jerin tururuwa, suka ɗaura mini ita suna mini barka da zuwa.

Ban taɓa ganin inda makaho da gurgu ke fara cin abinci ba sai can. Babu maraya, babu mai kwana da yunwa, babu mai ba da umarni. Na ce a raina, ga garin da Inna Tabawa take mafarki. Dokarsu ita ma ɗaya ce. Igiya ba ta motsawa sai kowa ya yarda. In mutum ɗaya ya ƙi, ba a zaginsa, ba a dukansa. Kowa sai ya zauna a inda yake, ba ci ba sha, har ya yarda.

Wadda ke gabana a igiya sunanta Kyauta. Kwana uku da binne mijinta a cikin duwatsu, lokacin hawa da awaki makiyayar sama ya yi. Ta ce a ƙara mata yini ɗaya kusa da kabarinsa. Sai mutum ɗari bakwai suka zauna a rana. Ba wanda ya ɗaure fuska, shi ne ma abin da ya fi ba ni tsoro. Kafin azahar jarirai suka fara tsala kuka. Wata tsohuwa ta shafa mata baya ta ce, "Ba komai, 'yata, muna jiranki." Kyauta ta dubi kabarin, ta dubi jariran, ta miƙe. Aka yi mata godiya aka hau.

Da na cika wata guda na ce a kwance ni, ina da ɗan'uwa yana jirana. Wani dattijo, Bawale, ya kama hannuna da tausayi ya ce, "Ɗana, ba ma kwance mai rai. Iska za ta ɗauke ka, mu kuma mu zama masu kisa. Ai yanzu mu ne 'yan'uwanka."

Ku saurara da kyau, don nan ne dabarar da na yi, kuma kada wanda ya yaba mini. Washegari da aka tashi tafiya mashaya, na ce ban yarda ba, sai an kwance ni. Aka zauna. Na san abin da su ba su sani ba, cewa baƙo yana iya jure kukan ɗan da ba nasa ba. Yini ya wuce. Na biyu ya kama, rana ta take. Na sunkuyar da kai ina jin muryoyin jarirai suna raguwa. Da wata jaririya ta sume a hannun uwarta, Bawale ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai wanda bai yarda a kwance ni ba. Babu. Suna kuka suka cika mini jaka da cuku da duwatsu masu nauyi don kada iska ta ɗauke ni.

Kyauta ce ta warware ƙullin. Na raɗa mata, "Zo mu sauka." Ta ce, "Ban san yadda ake tafiya ba kowa a gaba ba kowa a baya ba." Da rarrafe na sauko dutsen, kwana biyu, gwiwoyina suna jini. Ban taɓa ƙyamar kaina kamar a wannan saukowa ba.

Wata takwas ke nan da barina gida, kuma ba abin da na samo wa Nomau. A wata ƙasar an bar mutum ya nutse don girmama shi, a wata an hana shi makoki don ƙaunarsa. Zazzaɓi ya kama ni a wani fako na gishiri, gorar ruwana ta ƙafe. Ina jan ƙafa na hango wata 'yar tunga mai gida bakwai, wadda ba ta da sarki saboda ba sarkin da ke sha'awarta. Na isa gidan farko na tarar da ƙyaure a rufe. Na biyu ma haka, har na bakwai. To ni a sanina, ƙyaure rufaffe yana nufin ba a son ka. Sai na zauna a rana a gindin bango ina jiran ajali.

Can sai ga wata tsohuwa da ɗaurin itace a ka. Ta tsaya a kaina ta ce, "Kai kuwa lafiya, ka baje a rana kamar shanyar kuɓewa?"

Na ce, "Iya, ruwa nake nema. An rurrufe."

"To ka buga mana."

"In buga wa?"

Ta yi dariya har itacen ya zube. Ta dunƙule yatsu ta ƙwanƙwasa ƙyauren da ke bayana sau uku. Daga ciki wata murya ta ce, "Wane ne?" Sai ga ƙyaure ya buɗe, ga moɗa cike da ruwa. Kai mai murmushi can, yi abinka, ni ma da a garinku aka haife ni da na yi.

Tsohuwar, Iya Barmani, ita ta yi jinyata. Ina kwance ina lura da su. Kowace safiya kowa sai ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa na dama. Na ciki yana da amsa biyu, ko ya ce "Bismilla, shigo," ko ya ce "Ina lafiya, ba yau ba." Na ga wani da aka yi wa rasuwa ya jera kwana goma sha tara yana cewa ba yau ba, ba wanda ya ji haushi, ba kuma wanda ya fasa bugawa. Wata safiya kuma aka buga wa wata mata sau uku, aka sake, aka sake, shiru. Nan take aka ɗauko taɓarya aka ɓalle ƙyauren, aka same ta a sume, kunama ta harbe ta. Da ta farfaɗo ta zage su tas a kan ƙyaurenta, suka ba ta haƙuri. Ni na sassaƙa mata sabo.

Na tambayi Iya Barmani wane malami ne ya kafa musu wannan tsari. Ta ce, "Wane malami kuma? Ƙyaure ai don a buga aka yi shi. In na ga dama in buɗe, in na ga dama in ƙi, amma dole in amsa, don su san ina numfashi. Yanzu wata takwas kana yawon duniya a kan wannan?"

Cikin kwana goma sha biyu na warke sarai. Ya kamata a rana ta goma sha uku in kama hanya. Ban kama ba. Wurin ya yi mini daɗi. An ba ni ɗaki da ƙyaurena, kowace safiya ana buga mini, ina amsawa yadda na so. Na ce ai kaka da saura, ga hanyar fatake mai yanke. Na shantake ina sassaƙa musu turame da kujeru, har kwana arba'in suka wuce a kan na jinya.

Gero ya fara nuna lokacin da na shiga Zarmuna, da hantsi. Na zarce Tsamiya. Ɓangarorin biyu suna zaune, fili a tsakaninsu kamar hanyar shanu. Malam Cindo ya rungume ni ya ce, "Yayanka lafiya lau. Ba ranar da akushinsa bai dawo a suɗe ba, kuma ba mu bar kowa ya dame shi ba." Inna Tabawa ta rame. Ta amsa gaisuwata, amma ba ta ɗago ido ba.

Na ce abin da na samo ba na baki ba ne, su biyo ni su gani. Gari duka ya bi ni har ƙarshen Unguwar Majema. Zuciyata fari ƙal, har ina tsara yadda zan koya wa Nomau cewa ba yau ba. Na tsaya a gaban ƙyauren, na dunƙule yatsu, na buga sau uku. Na jira. Na sake bugawa.

Sai na ji wata mace a bayana ta ce, "Irin wannan bugun..." ta kuma toshe bakinta. Hakama ce, matar wani majemi, ɗakinta yana jikin na Nomau, kuma 'yar Tukunya ce.

Inna Tabawa ta ce, "Faɗi, Hakama. Na ɗauke miki rantsuwar."

"Irinsa muka riƙa ji daga ciki, Inna. Ƙasa-ƙasa, safe da yamma. Kwana huɗu, sannan ya daina."

Na ce, "Yaushe?"

"Bayan ruwan ƙanƙarar nan. Wata guda ke nan."

Wani daga cikin 'yan Ƙyaure, mai kai abincin, ya ce, "Ni ma na ji. Na ɗauka sassaƙa ya koma, har na yi murna na gaya wa Malam."

Malam Cindo ya ce, "To akushin fa? Ai ana cinyewa."

Hakama ta ce, "Karnukan majema ne, Malam. Kuna juya baya suke zuwa. Muna gani."

"Kuna gani ba ku faɗa ba?"

"Mun rantse ba za mu ambace shi ba. Ku kuma ba kwa waiwaye."

Na fizgi taɓarya daga turmin Hakama. Maɗaci ne, sai a bugu na tara ya ba da kai. Nomau yana nan kwance a bayan ƙyauren, ƙafarsa ɗaya a karye a ƙarƙashinsa, ga turmin da ya taka don ya toshe yoyon rufi a kife. Sakatar tana sama, daidai kafaɗar mai tsayuwa. Ƙotar gizago tana cikin abin da ya rage na hannunsa. A ƙasan ƙyauren, taƙi ɗaya daga ƙasa, itacen ya lotsa har yatsa yana shiga.

Ba wanda ya yi kururuwa. Inna Tabawa ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Malam Cindo ya jingina goshi da bango. Ni kuwa na duba gabas na duba yamma ina neman sarkin da zan tsine wa, babu. Mu ne kawai a wurin, mu da muka kori Zankaro.

Kafin la'asar muka binne shi. Washegari Taron Tsamiya ya zauna. 'Yan Tukunya suka ce ƙyaure ne ya kashe shi, 'yan Ƙyaure suka ce rantsuwa ce. Daga ƙarshe aka ce in faɗi abin da na samo a tafiyata. Na faɗa, bai kai tsawon shan moɗar ruwa ba. Sai Inna Tabawa ta dube ni, ba da faɗa ba, ba da niyyar cin fuska ba, ta ce, "Ɗana, abin ashe ɗan kaɗan ne. Da ka same shi, me ya tsayar da kai a hanya?"

Na buɗe baki in ce zazzaɓi. Zazzaɓin kwana goma sha biyu ne. Na rufe bakina, na ɗauki gizagona, na fita ta ƙofar yamma. Ban san abin da suka yanke ba. Shekara goma sha tara ke nan ina tafiya, kuma har yau ban ba ta amsa ba.

Iyakar hikayata ke nan, ban ƙara ba, abin da na rage kuma nawa ne. Rana ta yi sanyi, ku tashi ku kama hanya. Allah ya kai kowa gida, ya tarar da nasa suna amsawa.